Filashin Sau Biyu

Wata rana, ranar Asabar ɗin nan da ta wuce ma, na je kitso gidan Anti Kubura. Da wayar yayata nake rubuta wannan tana wanki, don Allah wanda ya gane ni ya rufa min asiri 🙈

Mu bakwai ne a ɗakin. An saka wani fim ɗin yaƙi, ba fassarar Hausa, sai rubutun Turanci a ƙasa. Sojoji biyar aka baro a yankin abokan gaba, jirgi ya tashi ba su.

Anti Kubura ta dungure min kai ta ce, "'Yar boko, fassara mana."

Ni fa ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba. Na fara a hankali kamar kukan sauro. Amma wallahi fim ɗin ya haɗu, can sai ga ni ina yi har da hannu.

Akwai wata mata a gefe da akwati a gabanta, ita kaɗai ce ba ta kallo. Ta ce a yi mata shuku da sauri, tasha za ta, gidansu za ta koma. Mijinta soja ne, an tura su daji. Kwana goma sha tara bai kira ta ba, sai filashin sau biyu kullum bayan la'asar. In ta kira ya katse. Ta ce ta gaji da wulaƙanci.

To a fim ɗin, sojojin sun ɓuya cikin kwalbati, abokan gaba na wucewa a saman kansu. Ogansu daga sansani na ta kira a rediyo, akwai mai rai? In ba amsa, an fasa zuwa ɗaukarsu. Mai rediyon kuma ko tari ya yi sun mutu.

Sai ya danna maɓallin.

Ƙas.

Ƙas.

Rubutu ya fito, na karanto musu: "Ba halin magana ne. Yana gaya mana yana raye."

Matar nan ta ɗago kai.

"Ke yarinya, sau nawa ya danna?"

"Sau biyu, Anti."

"Sake faɗa min abin da suka ce."

Na sake faɗa mata.

Wata tsohuwa da ke jiran layi ta ce, "To matar soja, ashe ke ma rediyo gare ki, kika zauna kina fushi da shi."

Matar sojan ta fito da wayarta ta ajiye kan akwatin. An idar da la'asar a masallacin layin, mu duka muka zuba wa wayar ido.

Wayar ta yi ƙara. Ta katse.

Ta sake yi. Ta katse.

Matar ta ɗauki wayar, mun zata kira za ta yi ta zazzaga masa kamar yadda ta yi niyya. A'a. Filashin ta yi masa. Sau biyu.

Muka jira.

Sai ga na uku ya shigo. Ta ce tun da ya tafi bai taɓa yin na uku ba.

Anti Kubura ta rangaɗa guɗa! Matar na dariya tana kuka, rabin kai a kitse rabi a tsefe, ta rungume ni har ɗankwalina ya faɗi. Da mai adaidaitan da zai kai ta tasha ya iso, ta leƙa ta ce, "Malam, bariki za mu."

Kar ku tambaye ni ko an ceto sojojin fim ɗin. Ba wadda ta sake kallon talabijin.

Darasi: Kafin ka ce mutum ya share ka, ka duba ɗan abin da yake iya aiko maka. Wataƙila daga inda yake, iya abin da zai iya ke nan.

Ku tura wa duk mai jiran kiran wani, musamman matan sojoji. Allah Ya dawo musu da su lafiya 🤲