Ranar da Aka Goge Muryar Inna

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru, ni Laraba. Wata Asabar ce, mako biyu bayan dawowar alhazai, ana tsakiyar cirar auduga, ina da shekara tara a duniya. A ƙauyenmu da ke kusa da Dayi, Baba Mamman, yayan mahaifina, ya sa an share gindin tsamiyar ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi, aka kifa turmi, aka lulluɓe shi da sabon zane, aka ɗora rakoda a kai kamar baƙon da ya zo daga nesa. A aljihun Baba kuwa akwai kaset guda ɗaya. Inna, mahaifiyata, ce ta aiko shi daga Makka, kuma shekara biyar rabona da jin muryarta.

Mahaifina ya rasu ina da shekara huɗu. Da Inna ta fita takaba sai ta bi wanta zuwa Makka, aka ce shekara ɗaya za ta yi. Aka bar ni hannun Gwaggo Delu, ƙanwar mahaifina, mace mai kirki amma marar yawan magana. Ni ce ɗebo ruwa a rijiya, ni ce kora awaki bakin fadama, ni ce tsince ƙasa daga audugar da za a kai Funtua. Ba a sa ni makaranta ba, sai dai in tsaya bayan danga da tulu a ka ina jin yara suna rera karatu. In 'yan mata sun fita gaɗa a dandali, da an jima sai ka ji kowace uwa ta leƙo tana kiran tata, a watse a bar ni ina tattara duwatsun carafke. Fuskar Inna ina tune da ita, da ƙamshin man shanun da take shafa mini a ka, amma muryarta ta ɓace mini ƙaƙaf. Ga shi ni 'yar fari ce, ko tana nan ba ta kama sunana saboda kunya, sai dai "yarinyar nan".

Wani Alhaji ɗan garinmu ne ya kawo kaset ɗin. A lokacin duk ƙauyen babu mai rakoda, sai Audu tela a Dayi. Gwaggo ta ce, "Yaya, a aro a sa mana mu kaɗai tukuna, in mun ji lafiya sai a tara mutane." Baba ya ce maganar da ta fito daga ƙasa mai tsarki ba za a ji ta a ɓoye ba, kowa sai ya samu albarkarta. Ya aika unguwa-unguwa, aka dama fura, aka sayo goro. Audu ya zo da hantsi a kan keke, ya nuna wa Baba inda ake dannawa sau ɗaya tak. Don ya ba mutane dariya ma har ya ɗauki muryar wani tsoho a nasa kaset ya sa masa ya ji, tsohon ya zabura yana salati. Daga nan ya hau kekensa ya nufi Malumfashi sayen yadi, ya ce gobe zai dawo. Samari suka kewaye rakodar suna jin waƙa tun hantsi har aka kira azahar, babu wanda ya tambayi ƙarfin batir ɗin da ke cikinta.

Da aka sauko daga salla wuri ya cika. Maza a gindin tsamiya, mata a bayan danga, nesa da turmin, ga kukan jarirai ga na awaki. Ni dai na sulale na durƙusa dab da turmin, babu wanda ya kore ni. Baba ya yi bisimilla ya danna. Sai ga sallama ta fito, siririyar murya mai ɗan rawa, na gane ta tun kafin ta rufe baki. Mata suna ta cewa a ƙara sauti ba sa ji, maza suna cewa a yi shiru. Ta gaida Baba, ta gaida liman, ta gaida Gwaggo, ta bi gida-gida, har wanda ya mutu bara ba ta sani ba sai da ta gaishe shi. Ban damu ba, na san ni ce ta ƙarshe, haka ake yi wa ɗan fari. Can sai muryar ta fara nauyi, tana ja kamar ta mai jin barci, har ta koma kamar ta namiji. A haka na ji ta ce, "Ita kuma yarinyar nan da na bar muku, ku gaya mata..." Sai rakoda ta tsaya cak.

Aka ce batir ne. Aka zazzage su aka jera a kan dutsen niƙa cikin rana, don haka ake yi a wancan zamani, su sha zafi su ɗan farfaɗo. Ni na zauna gadinsu ina korar kaji, ina juya su kamar mai gasa masara. Da suka yi zafi aka mayar. Baba bai iya karanta rubutun da ke jikin madannan ba, kuma ga jama'a sun zuba masa ido, bai so a ce ya manta. Ya tuna ya ga Audu ya danna biyu tare da safe, ɗaya ja, sai shi ma ya danna su. Kaset ya kama juyawa, amma babu murya. Muka yi tsit muna jira, wani ya ce tana kuka ne shi ya sa ta yi shiru. Muna nan har muka ji ƙas, zaren kaset ya ƙare.

Washegari Audu ya zo da sababbin batir, ya mayar da zaren baya kaɗan ya kunna. Inna ta sake cewa, "Ku gaya mata," sai ga tarin Baba, ga kukan akuya, ga Gwaggo daga nesa tana cewa ba a ji. Sai ga wata ƙaramar murya kusa-kusa: "Baba, me ta ce a gaya mini?" Audu ya dafe kai ya ce, "Wayyo Baba, jan nan ai na ɗaukar murya ne! Da ma an ɓalle ɗan haƙorin da ke bayan kaset ɗin, da ko an danna ba zai gogu ba." Baba ya cire hularsa ya daɗe yana kallon cikinta, sannan ya zare kaset ɗin ya sa mini a tafin hannu ya rufe da nasa.

Da shekara ta zagayo muka ɗauki namu kaset, na yi magana a ciki, na tambaye ta. Alhajin da ya tafi da shi ya dawo mana da abinmu ba a buɗe ba. Inna ta rasu tun kafin azumi.

Yau ga waya a hannun kowa, mutum yana Makka kana kallon fuskarsa kana tsakar gidanka a Funtua. Amma ni duk taron da za a yi a zuri'ata, suna ko walima ko saukar karatu, tun da safe nake jan kujerata kusa da mai lasifika. An gwada? Akwai mai a janareto? Matan da ke baya za su ji? Wanda ya san kan na'urar nan kada ya gusa sai an tashi. Jikokina suna dariya suna ce mini Hajiya mai gwaji.

Baba Mamman bai sake taɓa rakoda ba har ya koma ga Allah, kuma shi ya aurar da ni da hannunsa, yana hawaye. Gwaggo Delu a ɗakina ta cika. Audu tela ya tsufa a kan kekensa na ɗinki har ido ya gaza. Tsamiyar ma an sare ta an yi shago. Ni kuwa Allah ya kai ni Makka da furfurata, na tambayi tsofaffin matanmu da ke zaune can, babu wadda ta san Inna, kaburburan kuma babu suna. Kaset ɗin yana nan a ƙasan adakata, naɗe cikin ɗankwali. Duk waɗanda suka yi tari da surutu a cikinsa sun tafi, saura mai tambayar. Har yau ina jira a gaya mini.