Tukur da sitiyarin akori-kura

Ni bakanike ne a Bungudu, kuma na gaji da jin direbobi suna yabon kansu. Wanda ya iya tuƙi, a jikin motarsa nake gani.

Tukur Nahuce ya daɗe yana jan fasinja tsakanin Gusau da Tsafe, har ranar da mai motar ya sayar da abarsa. Daga nan ya koma zaman benci a garejina, yana kallon tseren motoci a waya, irin masu kujera ɗaya da tayoyi a waje. Kullum musu yake da Zaharaddeen, wani direba abokinsa.

"Fomula Wan ta fi gudu a kwana," in ji Zaharaddeen. "Kafin ka kifta ido ta wuce."

"A miƙaƙƙen fili ta Amurka, Indi, ba ta barin kowa," Tukur zai ce. "Kuma ita sitiyarinta ba fawa. Da damtse ake murza shi. Naku na Turai ko Inna ta murza."

"To kai ka taɓa murza irinsa?"

Sai Tukur ya ce waya ta kusa mutuwa.

Da kaka ta yi, Alhaji Haliru, mai sayen hatsi, ya zo neman direban tsohuwar akori-kurarsa da ke kwaso masara daga ƙauyuka. Ni na gyara ta, na san sitiyarinta ba fawa. Tukur kuwa yana bukatar aikin nan, don matarsa Luba ce ke riƙe da gidan da sayar da ƙuli-ƙuli, kuma abin yana cin ransa.

Na miƙa masa makulli. Na ce, "Ga Indinka. Juya ta a nan cikin gareji Alhaji ya gani."

Ya hau, ya tayar, ya kama sitiyari da hannu biyu. Sitiyarin ko motsi bai yi ba. Ya sa kafaɗa, hularsa ta faɗo kan giya, gumi ya jiƙa masa riga. Duk rayuwarsa ƙananan motoci ya ja, masu juyawa da yatsa suna tsaye.

"Malam Tukur, a kira maka Inna?" in ji Zaharaddeen.

Har Alhaji ya fara duban hanya. Ni dai na ci gaba da goge hannuna, aikin ba nawa ba ne.

Tukur ya saki sitiyarin, ya ɗauki hularsa ya mayar. Ya sa giya ɗaya, ya ɗaga kulochi a hankali, motar ta fara gangarawa. Tana tafiya sitiyarin ya saki. Ya yi gaba, ya yi baya, ya fitar da ita ta tsakanin tarin tayoyi da injin walda bai goga ko ɗaya ba.

Ya leƙo ta taga yana haki. "Su ma 'yan Indi ba a tsaye suke murzawa ba."

Alhaji ya ce gobe da safe ya wuce Wonaka.

Yanzu sai ranar Juma'a muke ganinsa, yana warin man zafin da Luba ke shafa masa a kafaɗu. Musun bai bari ba, amma ya sauya. Cewa yake 'yan Indi suna ƙoƙari, sai dai titinsu sumul ne kuma ba buhun masara a bayansu.

Makon jiya na duba motar. Kulochinta, wanda mugun direba ke fara ƙonawa, lafiya lau.