Ranar da Mushe Zabeirou Ya Shaƙi Yaƙin Duniya

Kakan Zabeirou, Issaka mutumin Tasawa, shi ne na farko a zuriyarsu da ya ga teku, kuma ba da son ransa ya gani ba. Faransawa ne suka ɗebe shi soja a Yaƙin Duniya na Farko, suka jefa shi cikin wani rami mai taɓo a ƙasarsu. Ya dawo gida da lambar tagulla guda ɗaya da tari. Lambar ta ɓace a hannun jikoki, tarin kuwa ya zauna da shi shekara hamsin. Da Zabeirou ya yi wayo ya tambaye shi abin da ya same shi, tsohon ya ce, "Nasara ne suka zuba wa iska guba." Zabeirou ya ƙyalƙyale da dariya, ya ɗauka wasan kaka da jika ne. Tsohon bai yi dariya ba.

Wannan magana ce ta bi shi har ya zama malamin tarihi a wata sakandare a Maraɗi, inda ya yi shekara goma sha huɗu ana kiransa Mushe, kamar yadda ake kiran malaman lakwal, wato makarantar boko, a Nijar. Ɗalibansa sun san halinsa. Ko da daular Songhai ya fara darasi, kafin a kaɗa ƙararrawa ya kai su garin Ypres na Beljiyam, ranar ashirin da biyu ga Afrilu, 1915, inda Jamusawa suka buɗe tukwanen gas mai guba da ake kira kulorin, iska ta kwashe shi zuwa ramukan abokan gaba. Zai tsaya ya ɗaga alli ya ce, "Alhali tun 1899 manyan ƙasashe sun sa hannu a Hague cewa ba za a harba guba cikin harsashi ba. To, su ba su harba ba, buɗe tukunya suka yi. Kun ga ɗan Adam ko?"

Matarsa Mounira ce ta cika masa takardar cacar bizar Amurka ba tare da ta gaya masa ba, kuma suka ci. A 1999 suka sauka Greensboro, suka kama gida a hawa na uku na wani bene da ke bayan High Point Road. Zabeirou ya sami aiki a wani ƙaton shagon kayan gini a Wendover Avenue, yana jera fenti da ƙusoshi. Aji ya tafi amma darasi bai tafi ba. Wanda ya gaji ɗaliban Maraɗi shi ne maƙwabcinsa Surajo, Bakano direban babbar mota, mutum mai haƙuri wanda ya yi kuskuren tambayarsa sau ɗaya, "Wai Mushe, an hana makaman nan ko ba a hana ba?"

"Bon," in ji Zabeirou, ya gyara zama. "A Geneva, 1925, an hana amfani da su. Amma ba a hana ƙerawa ba, ba a hana ajiyewa ba. Kowa ya sa hannu ya ƙara da cewa, in wani ya fara, ni ma zan rama. Shekara goma bayan haka Italiya ta yi wa Habasha ruwan guba daga jirgi. A 1988 aka yi wa Kurdawan Halabja. Sai a Paris, 1993, aka ce to yanzu kowa ya lalata nasa, kuma masu bincike za su zo su leƙa."

Shayin Surajo ya huce a hannunsa. Daga ranar, in ya ji takun Mushe a matakala, sai ya tuna yana da alwala da zai sabunta.

A watan Fabrairu na 2003 hukumomi suka shawarci jama'a su tanadi leda mai kauri da salatif ɗin nan mai ruwan toka, wanda ake kira duct tape, ko da za a kai hari da makami mai guba. Cikin kwana biyu kantar da Zabeirou yake jerawa ta zama fayau. Ya ga wata tsohuwa ta cika keken sayayya da shi, ya ga maza biyu masu taye suna jan naɗi ɗaya kamar yara. Abin ya ba shi tausayi, kuma, in za a faɗi gaskiya, ya ɗan yi masa daɗi. Shekara ashirin yana magana ana hamma, yau ga shi duk Amurka ta shigo ajinsa.

Ya sayi naɗi shida. Daga la'asar zuwa magariba ya lulluɓe tagogin gidansa da leda, ya bi kowace kafa ya manne. Da ya zo kicin ya ga bututun da ke fitar da hayaƙi waje, ya ce wa kansa ai ta nan maƙiyi zai shigo, ya cusa masa tsumma ya rufe da salatif ninki uku. Mounira tana tsaye ta harɗe hannu.

"Malam, mu da muka zo da numfashinmu, ta ina za mu riƙa yin sa?"

"Ke dai ki gode wa Allah da ya haɗa ki da wanda ya yi karatu."

Ranar Asabar ya tashi daga aiki ƙarfe uku na rana. A saninsa Mounira tana can garin Pleasant Garden tare da Bebi matar Surajo, suna taya wata 'yar uwa aikin sunan da za a yi washegari. Yana tura ƙofar benen ta ƙasa wani abu ya cake shi a maƙogwaro. Ido ya kawo ruwa. Ya yi tari, ya sake yin tari, sannan ya tsaya cak ya shaƙa a hankali, yadda mai ilimi ya kamata ya yi.

Barkono. A ƙarƙashinsa kuma, wani ƙamshi mai zaƙi. Abarba.

Sau nawa ya rubuta wa ɗalibai a allo cewa sojojin da suka tsira a Ypres sun ce warin kulorin kamar an haɗa barkono da abarba ne? Har a jarrabawa ya sa tambayar.

Ya hau dukan ƙofofi. Ta farko ta Christy ce, wata baƙar fata 'yar nan garin, tsohuwar ma'aikaciyar masaƙa da ta yi ritaya, wadda ke kiransa Mister Zab. Ta fito tana tari, ya ce ta kira 911, lambar gaggawa. Da aka ɗauka ya karɓe wayar daga hannunta, ya bayyana wa matar da ke can ɓangaren, cikin Turancinsa mai ƙanshin Faransanci, cewa kulorin ne, irin na 1915, ya ba ta har rana da wata. Ta tambayi adireshi sau biyu kafin ya tuna ya ba ta.

Surajo ya sauko da singileti da silifa, idanunsa jajir. "Mushe, lafiya? Mu fita waje mana!"

"Waje? Daga waje yake zuwa! Kulorin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Sama za mu. Kowa ya jiƙa tsumma ya rufe hanci. Sojojin Kanada ma da fitsari suka jiƙa nasu, ya fi aiki."

"Wallahi gara in mutu da tsarkina," in ji Surajo.

Suka kama hawa, Zabeirou a gaba da hularsa a hanci, Christy a baya tana riƙe da kyanwarta, sai wasu ɗalibai biyu 'yan Vietnam da ba su fahimci komai ba amma sun ga ana gudu. A hawa na biyu warin ya ƙaru. Surajo ya ce, "Mushe, ka ce ƙasa yake kwanciya."

"Ya cika ƙasa, yana hawowa. Ku yi sauri. Gidana ne kaɗai a toshe duk benen nan."

Ya zura makulli, ya banka ƙofa, ya juya ya ce kowa ya shiga. Abin da ya fito daga ciki ya mayar da su baya gaba ɗaya. Kyanwar ta kuɓuce ta yi ƙasa.

A tsakiyar hayaƙin Mounira ce tsaye gaban murhu, ta naɗe fuskarta da ɗankwali sai ido, tana juya busasshen barkono a babban kasko. Bebi na zaune a ƙasa da turmi tsakanin ƙafafunta. A ɗaya murhun ƙatuwar tukunyar zoɓo na tafasa, ɓawon abarba na iyo a kai. Kaset na waƙa. Ashe uwar jaririyar ce ta ce kada a soya barkonon yaji kusa da 'yarta, shi ne suka kwaso aikin suka dawo da shi nan. Sun nemi buɗe taga, leda. Sun kunna fankar bututu, tana ta kuka ba abin da ke fita. Sai suka buɗe ƙofa na rabin sa'a hayaƙin ya gangara matakala, da sanyi ya dame su suka rufe.

Mounira ta sauke ɗankwalin. "Malam, baƙi ka kawo mana? Ai da ka faɗa."

Kafin ya buɗe baki aka ji jiniya. Ba ɗaya ba.

Motocin 'yan kwana-kwana huɗu suka zo, da na 'yan sanda, da wata farar mota da mutane suka fito daga cikinta sanye da riguna kamar masu zuwa duniyar wata. Aka fitar da kowa aka tsayar a filin ajiye motoci cikin sanyi. A nan ne dariyar da ta fara kama Surajo ta tsaya. Ya matso ya rage murya.

"Mushe, ka san abin da za su gani a sama? Gidan Musulmi, an manne shi da leda. Jan gari a roba biyar. Ga shelf ɗinka, littafi ashirin, duk na gas. A wannan shekarar."

Zabeirou bai yi tunanin haka ba sai lokacin. Ya dubi Mounira da ke rawar ɗari cikin zane, a karo na farko a rayuwarsa ya rasa kwanan watan da zai kawo.

Wani ɗan sanda mai furfura ya zo da ɗan littafinsa ya tambayi waye mai gidan, waye kuma ya kira. Zabeirou ya ce duk shi ne. Mutumin ya ɗaga kai ya dube shi da kyau. Ya tambayi littattafan. Zabeirou ya gaya masa shi malamin tarihi ne, kakansa ya shaƙi abin a Faransa. Sai Christy ta kutso tsakaninsu da kyanwarta da ta kamo.

"Officer, ka saurare ni. Shekara huɗu mutumin nan yana ɗaukar mini kaya zuwa ɗaki. Ba ya cutar da kowa sai da surutu. In kana son hukunta shi, ka hana shi magana kwana ɗaya."

Ana haka shugaban masu farin kaya ya sauko ya cire hular kansa, yana hawaye, riƙe da tsumman da ya zaro daga bututu. Ya ce na'urarsu ba ta ga komai ba, amma wanda ya toshe wannan kada ya sake. Ya tambayi mene ne jan garin. Bebi, wadda ba ta taɓa barin ciniki ya wuce ta ba, ta ce yaji ne, ta lakato masa a cokali. Ya ɗanɗana, ya juya baya ya yi ta tari abokan aikinsa na dariya. Da zai tafi sai ga shi ya dawo yana tambaya ko ana ci da kaza.

Washegari a wajen suna ba wanda ya yi zancen jaririyar. Zabeirou na shiga aka fara tari daga kowane lungu, har da limamin da ya raɗa suna. Wani ya miƙo masa kofin zoɓo ya ce ya duba ko da kulorin. Ya karɓa ya shanye bai ce uffan ba, abin da ya ba mutane tsoro fiye da jiniyar jiya.

Kwana uku ya yi shiru. Rana ta huɗu ya ɓare ledar tagogi, ya zauna ya rubuta shafi biyu da hannu, ya manna a ƙasan matakala da ragowar salatif. Yarjejeniya ce ta mazauna benen. An haramta soya busasshen barkono a cikin gida. An haramta toshe bututun hayaƙi, wannan sharaɗin Mounira ce ta sa aka ƙara. Kuma tunda ya san inda ta Geneva ta gaza, ya sa za a riƙa bincike, ya naɗa Christy mai binciken, don ita ce ba ta da ɓangare.

Kowa ya sa hannu. Bebi ta sa nata ta rubuta a ƙasa, "Sai dai in da biki." Mounira ta rubuta, "In Bebi ta fara, ni ma zan yi." Surajo ya karanta ya ce, "Mushe, ai ka ga ƙasashen duniya." Zabeirou ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya yi dariya har ya dafa bango.

Christy ta ɗauki aikin da gaske. Duk Asabar takan hau hawa na uku da sandarta, ta ƙwanƙwasa, ta leƙa kasko, ta shinshina. Takan daɗe a ciki. In ta sauko sai ta ba da rahoto cewa ba ta ga komai ba, da kwano a rufe a hannunta. A shekara ta biyu da fara binciken ta koyi faɗin "sannu da aiki" da "a ƙara yaji".

A 2006 Zabeirou ya sami takardar koyarwa, wata sakandare a gundumar ta ɗauke shi malamin Faransanci. Ranar Litinin da zai fara, Mounira ta goge masa riga, ta raka shi har bakin mota, ta ce, "Malam, Faransanci suka ce. Ka ji ko? Faransanci."

Ya ce ya ji. Ya kuwa yi ƙoƙari har ranar Laraba.