Malama Naja'atu da Mazarƙwailar Baba Dalhatu

Kafin rana ta yi zafi Malama Naja'atu ta riga ta buɗe ɗan asibitinmu na Nasarawan Doya, ta share, ta jera na'urar awon jini da ta sukari. Haka take yi tun muna yara, ga shi yau ta ajiye aiki. Da masu ciwon sukari da tsofaffin da mantuwa ta kama, duk nata ne.

Faɗa gare ta, wallahi, amma bayaninta na shiga kunne. Takan ce, "Kar ku tsani kitse. Kowace ƙwayar halitta a jikinku da shi aka yi mata danga, ƙwaƙwalwa ma cike take da shi. In ya yi yawa ne yake hana sukari shiga inda ya dace, ya toshe hanyoyin jini, har kai ya taɓu."

Baba Dalhatu, tsohon manomin rake, duka biyun suka haɗu masa, ga sukari ga mantuwa. Da ƙyar ta shawo kan gidansa suka raba shi da mazarƙwaila, a gidan da ita ake dafawa a sayar.

Ran nan da hantsi, lokacin yankan rake, babban ɗansa Ɗayyabu ya zo a babur a gigice. Da Malama ta isa gidan, ta tarar an kwantar da tsohon, mata na kuka, ana laƙƙana masa kalmar shahada. Gumi ya jiƙe shi sharkaf, hannunsa na rawa, idonsa a buɗe amma ba ya gane kowa.

"Wa ya ba shi magani yau?"

Zulai, matar Ɗayyabu, ta ce ita ce, da sassafe. Can daga bakin ƙofa Samira, matar ƙaninsa, ta sunkuyar da kai. "Ni ma na ba shi, Malama. Ya ce ba a ba shi ba. Ta yaya zan musa wa surukina?"

Kuma bai ci komai ba. Malama ta ɗauko na'urar awon sukari. Ta soki yatsarsa, na'ura ta nuna sukarin ya yi ƙasa ƙwarai.

"A kawo mazarƙwaila, maza!"

Ba wanda ya motsa. Ta shiga rumfa da kanta ta ɓallo, ta jiƙa a tafin hannu. Ɗayyabu ya sha gabanta.

"Haba Malama! Ke da bakinki kika ce guba ce gare shi. Ƙarasa mana shi za ki yi?"

Tsoro ya kama ta, don ta san in tsohon ya cika da zaƙin nan a bakinsa, garin nan ba zai taɓa yafe mata ba. Ta kuma san ba zai kai babban asibitin Maƙarfi a haka ba.

"Ɗayyabu, matsa. In ya mutu, ka ce ni ce."

Ta durƙusa tana shafa masa a cikin kumatu kaɗan-kaɗan, tana kiransa, "Baba! Baba!" Kukan mata ya ƙaru. Ta ci gaba da shafawa. Sai ya motsa baki, ya haɗiye, ya bi mutane da kallo.

"Kai, me ya tara ku a kaina? Wace ce wannan?"

Ranar ba ta bar gidan ba sai da aka kai shi babban asibiti, aka kuma yarda mutum ɗaya tak zai riƙa ba shi magani.

Malama, ke ce kika sa sunanki a bakin wuta don ran wani. Ke ce uwar waɗanda suka manta 'ya'yansu. 'Yan baya masu sa farar riga, ku riƙa shiga gidaje kamar yadda ta shiga, ku tambayi wa ya bayar, wa ya ci.

Baba Dalhatu na nan da ransa. Kullum ta je duba shi sai ya tambayi ko 'yar wace ce, ita kuwa ta durƙusa ta gaishe shi kamar yau suka fara haɗuwa. Bai san abin da ta yi masa ba, ba kuma zai taɓa sani ba. To Malama, godiyar da ba zai iya yi miki ba, mu mun yi a madadinsa. Allah Ya saka miki da alheri.