Ranar da Mai Duba Makarantu ya Tambayi Sunana

Abubuwan ƙuruciya da yawa sun tafi sun bar ni, amma ranar da mai duba makarantu ya tsaya a ajinmu ya tambayi sunana, wannan kam ko na tsufa na zubar da haƙora tana nan daram a raina. Ina aji shida a lokacin, a makarantar 'yan mata ta garinmu Mai Wurno, can gabas cikin masu jin Larabci, nesa da ƙasar Hausa, kuma malamar da ke koya mana Larabci da tarihi ba kowa ba ce illa mahaifiyata.

Wanda bai san gidajenmu ba zai ce ai na more. Ina fa morewa! Ni ce 'yarta ta fari, a wajenmu kuwa uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Kunya ce da kakanninmu suka ɗauko tun daga Sakkwato, suka tsallako da ita duk ƙasashen nan ba ta zube a hanya ba. Mata da yawa sa'o'in Inna sun fara sassautawa a lokacin, musamman waɗanda suka yi boko. Ita kuwa da ta yi karatun malanta har ta fi su, sai ta riƙe abin da hannu biyu. A gida ni ce "ke", ko "wagga", idan rai ya ɓaci kuma "ɗiyar mutane". Ƙannena suna da sunaye, har da na shagwaɓa.

A gida ban damu sosai ba, don na taso na tarar da abin haka. A aji ne ya fara ci mini rai. Sauran malamai da bakinsu suke kiran suna da safe, Inna kuwa ta miƙa wa shugabar aji wannan aikin tun ranar da na shigo hannunta. Idan za ta raba littattafan insha'i da ta duba, za ta kira kowa ɗaya bayan ɗaya, nawa ta bar shi ƙarshe, ta tura shi bakin tebur tana kallon taga, ta ce, "Mai wannan ta zo ta ɗauka." 'Yan aji sun saba, ba mai dariya. Ni ce dai ban saba ba.

Duk da haka ina lallaɓawa, har aka kawo mana wata baƙuwar yarinya daga birnin Damazin. Bahaushiya ce kamar mu, babanta makanikin tarakta ne da aiki ya dawo da shi gida, amma a birni ta tashi, Hausarta a karye, Larabcinta kuwa kamar ruwa. Tun karatun farko da ta yi a bayyane na ga fuskar Inna ta washe. Ta kira sunanta, ta ja shi, ta ce, "Ahsanti, yarinyata. A tafa mata." Muka tafa. Ni ma na tafa, amma Allah ya sani tafin nan bai kai zuci ba.

Daga ranar nan 'yar Damazin ta zama 'yar gaban goshi. Ita ke ɗauko alli daga ofis, ita ke riƙe wa Inna littattafai, ita ake fara tambaya idan an zo waƙar hadda. Na taɓa ganin Inna ta sa hannu ta gyara mata mayafi da ya zame, a hankali, har da ɗan shafa kai. Ni da na fito daga cikinta ban san taushin wannan hannun ba sai in zazzaɓi ya kwantar da ni, shi ma sai ta tabbatar ba mai kallo. Kishi na yi, kishi mai zafi, irin wanda ke hana mutum jin daɗin abinci. Har yau idan na ji an kira mai irin sunan yarinyar nan a kasuwa sai na waiwaya.

Abin haushin ma, yarinyar ba ta da mugun hali ko kaɗan. Da ma mai girman kai ce da na samu abin kamawa. Lokacin fatur, wato hutun karin kumallo, za ta neme ni ƙarƙashin bishiyar darbejiya ta raba biredinta da ful, wato dafaffen wake, gida biyu ta miƙo mini rabi. Ina karɓa, ina ci, ina jin haushinta. Ta kan ce in koya mata Hausa mai kyau, ni kuwa a raina ina cewa, kin ƙwace mini uwa, yanzu kuma harshen da ya rage mini kike so.

Na yi iyakar ƙoƙarina in ƙwato abina ta hanyar karatu. An ba mu wata doguwar waƙa mu haddace rabi, na haddace ta duka, na tashi na zubo ta ba gargada. Inna ta ce, "Zauna." Aka ce mu rubuta insha'i a kan cikar kogi da damina, na zauna na rubuta yadda ruwa ke yin ja, yadda yake cinye gonakin bakin gaɓa, yadda masu kwalekwale ke daina tsallakawa. Littafina ya dawo da makin da ya kamata, ba a rage mini ba, don Inna ba ta zalunci. Amma na 'yar Damazin aka karanta wa aji a bayyane.

Na kai ƙara wurin kakata, mahaifiyar babana, wadda muke gida ɗaya da ita. Tana soya bunnin jabana, wato gahawarmu, ta saurare ni har na gama, sannan ta yi dariya har da tari. Ta ce, "To mi kika so? Ta goya ki gaban ɗiyan mutane? Ubanki ga shi nan da furfura, kin taɓa jin na kira shi? Halas, ya isa, tashi ki miƙo min turmi." Wannan ce duk shari'ar da na samu.

Ana cikin haka aka ce mai duba makarantu zai zo daga birnin Sinnar. Muwajji ake ce masa, kuma malamai sun fi mu tsoronsa, don abin da ya rubuta a kan malama shi ke binta. An ce wannan sabo ne, Balarabe mutumin arewacin ƙasar, bai taɓa aiki a garuruwanmu ba, kuma ya riga ya sa an jefa wata malama can wani ƙauye mai nisa da mota ba ta shiga da damina. Idan haka ta faɗa wa Inna, ko dai ta bar mu ta tafi, ko ta bar aikin da ta sha wuya kafin ta samu. Na ga ta goge farin tobinta na aiki, wato babban lulluɓin da mata ke naɗawa a nan, har sau biyu a jajibirin ranar.

Ya shigo ajinmu da hantsi, dogo, siriri, da tabarau a kan hanci. Shugabar makaranta ta rako shi bakin ƙofa ta koma shirya masa abinci, shi kuwa ya ja kujera ya zauna a bayanmu. Darasin tarihi ne, kan tsohuwar daular Sinnar. Inna ta koyar yadda ta saba, muryarta ba ta rawa. Da ta gama sai ya taso ya zo gaba, ya ce shi ma yana da tambaya. Me ya sa Sinnar ta bunƙasa a wancan zamanin? 'Yar Damazin ta tashi ta ba shi amsar littafi tsaf, cewa ciniki ne da ayarin fatake. Ya gyaɗa kai. Sai ya ce, "To su ayarin da ke zuwa daga yamma, ta ina suke biyowa, kuma ina za su?"

Wannan ba ya cikin littafi. Ba wadda ta ɗaga hannu, har 'yar Damazin ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na san shi, don Inna takan ba ƙannena labarin nan a tsakar gida, ni ina gefe ina wanke-wanke kamar ba da ni ake ba. Na ɗaga hannu, kuma da yake shi bai san ni ba, sai ya nuna ni.

Na tashi na ce yawancinsu alhazai ne. Daga ƙasar Hausa suke tasowa, su bi ta Barno, su shiga Wadai, su ratsa Darfur da Kurdufan, su tsallake farin kogi, su huta a Sinnar, sannan su nufi bakin teku su hau jirgin ruwa zuwa Makka. Na ce tafiyar shekaru ce, inda damina ta same su nan suke noma su tara guzuri su ƙara gaba. Na ce wannan hanyar ce kakanninmu suka biyo daga baya, lokacin da Nasara suka ci Sakkwato, da mata da goyo da tsofaffi, kuma garin da yake tsaye a cikinsa yanzu su ne suka sare dajinsa. Da Larabcin littafi na faɗi duk wannan, ban san inda ya fito mini ba.

Mutumin ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Ma sha Allah." Sannan ya juya wajen Inna ya ce, "Ya ustaza, yaya sunan wannan yarinya?"

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na ce yau dai babu taga da za a kalla, babu shugabar aji da za a tura wa, yau zan ji yadda sunana yake a bakin uwata, kuma a gaban 'yar Damazin.

Inna ta yi shiru. Ta ja gefen tobi ta rufe baki, idonta a ƙasa. Ya sake tambaya. Wata daga baya ta fara buɗe baki, ya ɗaga mata hannu ya ce malamar yake tambaya. Da shirun ya yi tsawo sai fuskarsa ta canza. Ya ce, "Shekara ta kusa ƙarewa, ba ki san sunan ɗalibar da ta fi kowa ba? Wannan wane irin aiki ne?" Ya zaro biro daga aljihun gaba.

Kalma ɗaya ce za ta fitar da ita, kuma ita ce kalmar da ta fi kowa sani a duniya. Na ga alli ya karye a hannunta, na ga gumi yana bin gefen fuskarta, amma bakin nan bai buɗe ba. Nan daɗin da nake ji ya gudu, tsoro ya maye gurbinsa, don na gane da gaske za ta bari a rubuta, a jefa ta duk inda za a jefa ta.

'Yar Damazin ce ta miƙe, ba ta ko ɗaga hannu ba. Ta faɗi sunana a fili, sannan ta ce, "Ya ustaz, 'yarta ce ta fari. A wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Kunya ce, ba rashin sani ba."

Ya tsaya da biro a hannu, ya dubi Inna, ya dube ni, kamar yana neman kamannin. Ya ce, "'Yarki ce?" Inna ko wannan ba ta amsa ba. Sai ya yi wata 'yar dariya ya mayar da biro aljihu. Ya ce, "Ikon Allah. Mu a wajenmu da sunan ɗan fari ake kiran uwa, har a manta nata. Ma'alesh, yi haƙuri, ya ustaza." Ya sa aka tafa mini, ya fita.

Kuna zaton kishina ya mutu a nan? Sabo ma ya tashi. Mutumin yana fita Inna ta nufi 'yar Damazin, ta dafa kanta, ta kira sunanta, ta ce Allah ya yi mata albarka. Ni da na ba da amsa aka ce, "Ke, goge allo." Ina gogewa ina hawaye, ƙurar alli tana manne mini a fuska. Ko ceton uwata ma wata ce ta riga ni.

Da la'asar Inna tana bakin murhu tana yin kisra, wainar nan ta dawa mai faɗi marar kauri, kakata tana kusa da ita a kan tabarma, ni kuma ina tsintar ganye a gefe, fuska a kumbure. Kaka ta tambayi yadda aka ƙare da baƙon Sinnar. Inna ba ta ɗago ba, tana shafa ƙullu a kan kasko, ta ce, "Lafiya lau, Alhamdu lillahi. Wata yarinya ta fisshe ni kunya yau. Tun da nika koyarwa ban ji amsa irin tata ba."

Kaka ta ce, "Ɗiyar makanikin nan?"

Inna ta ɗaga kisrar ta ajiye a faifai, ta ɗebo wani ƙullun. Ta ce, "A'a. Ba ita ba."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Kaka ta kalle ni ta gefen ido ta kawar da kai, ni kuwa na ci gaba da tsintar ganyen da ban ƙara ganinsa sosai ba.

Inna tana nan da ranta, ta tsufa, ta bar aiki, kuma har gobe ni "ke" ce. Ba zan yi ƙarya in ce na daina sha'awar in ji ta kira ni ba. Amma ranar nan ta koya mini kada in riƙa auna matsayina a wajen mutum da abin da na ji yana faɗa wa wani. Na ɓata kusan shekara ina kishin yarinyar da aka ba yabon baki, wanda Inna ke iya ba kowace ɗaliba. Ni kaɗai ce a ajin nan ta yarda ta rasa aikinta a kaina.