Ranar da Yaya Ya Taka da Kansa

Ƙarfe uku da minti ashirin na yamma jitar Yaya ta ɗauke. Na riƙe lokacin ne domin idona yana kan agogon waya, ina gudun haɗa ido da jama'a. Ana tsakiyar waƙa ta biyu. Mai kalangu yana ta aikinsa, yatsun Yaya suna gudu a kan tsirkiya, amma lasifika ta yi tsit kamar an toshe mata baki.

A Shagari ne, a harabar wata makarantar firamare, ƙarƙashin rumfunan haya. Ana walimar sallamar wata unguwarzoma da ta yi ritaya. Ma'aikatan asibiti da malaman makaranta sun cika kujeru, wakilin hakimi yana layin gaba. Lokacin zafi ne, janareta yana ta ruri a bayan aji.

Yaya wana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Shan inna ta taɓa shi yana ƙarami. Ƙafarsa ta dama ba ta motsi sam, ta hagu kuwa tana ɗan ɗaguwa, tana kuma jan kanta gefe da gefe. Wani ɗan bautar ƙasa da ya koyar a garinmu Bodinga shi ya koya masa jita, da zai tafi ya bar masa kaya biyu. Na farko akwatin sauti ne: jita ta shiga da muryarta, ta fito da wata. Na biyu allon ƙarfe ne mai maɓallai biyar a jere, muna ce masa mataki. Mataki ba ya fitar da sauti ko kaɗan. Saƙo kawai yake aika wa akwati ta wayar MIDI, ya ce masa koma murya kaza.

Yaya ba shi da haƙurin karanta littafin bayani, ni kuwa ba abin da nake so kamarsa. Bayan Islamiyya sai in zauna a zaure ina murɗawa ina saurare, har na haɗa masa muryoyi biyar, kowace da maɓallinta. Akwai mai laushi da ɗan amsa-amo. Akwai mai kaifi ta wurin rawa. Akwai mai rawar murya, da wadda ke kama da algaita idan ya ja tsirkiya. Wadda ya fi so ita ce ta gurmi, kuma ita ta fi ba ni wahala. Da yake hannayensa biyu suna kan jita, ni na zama ƙafarsa. Duk inda aka gayyace su sai in raɓe a bayan lasifika cikin hijabina, mataki a cinyata, ina dannawa da hannu. Ba mai ganina, kuma hakan ya yi mini daidai.

Sai na samu gurbin karatu a wata kwaleji a Sakkwato. Na tarar da Baba a rumbun albasarsa a Danchadi na faɗa masa. Bai ɗago ba, yana tsince waɗanda suka fara ruɓa.

"Ni ban hana ki ba," ya ce. "Amma ke ta ƙahwar yayanki. Abin da yac ce, shi za a yi."

Na tambayi Yaya ba sau ɗaya ba. Idan na ce, "Yaya, in tahi?" sai ya ce in miƙo masa tsumman goge jita, ko ya tambaye ni ko an kawo wuta. Ranar rajista tana ta matsowa. Da na ga haka sai na fara koya masa takawa da kansa, ba tare da na ce masa don me ba. Ya sani, ni ma na san ya sani. A zaure, kan 'yar kujerarsa ta katako, yana zaɓen maɓalli da babban yatsan ƙafar hagu, kuma yana samu. Walimar Shagari ce ranar farko da ya yarda ya gwada a gaban mutane.

Da sautin ya ɗauke na rarrafa na leƙa fuskar akwati. Ya shiga yanayin saita tsirkiya, wanda ke kashe sauti gaba ɗaya. Abu ɗaya ke jawo haka: a taka maɓallai biyu na kusa da juna a lokaci guda. Na dubi ƙafar Yaya. Baƙin takalminsa ne sau-ciki mai kaurin ƙasa, wanda wani baduku ke ɗinka masa musamman. Faɗinsa ya rufe maɓallai biyu. A gida ba ya sa shi. Kujerar robar da aka ba shi kuma ta fi tasa tsawo, saboda haka ƙafar faɗowa take yi, ba ajiyewa ba.

Na danna, sauti ya dawo. Kafin waƙar ta ƙare ya sake ɗaukewa. Wannan karon an yi dariya. Mai gabatarwa ya karɓi makirfo ya ce, "Jama'a a yi haƙuri, 'yan wuta sun biyo mu hal cikin jita!" Aka ƙara shewa. Mai kalangu, abokin Yaya tun suna yara, ya ƙara wa kiɗansa ƙarfi don ya rufe gurbin, yana harara ta gefen ido.

Na matsa kusa da kunnen Yaya. "Yaya, ka cire takalmin."

Bai juyo ba. Murmushin da yake yi wa jama'a yana nan a fuskarsa.

"Gaban mutane?" ya ce.

Ni kullum ina ganin ƙafar nan, ina zuba mata ruwan alwala, har na daina ganin ta wani abu. Sai a lokacin na tuna ban taɓa ganin ya fitar da ita a waje ba. Ko a masallaci da safa yake shiga.

"Ɗauke matakin ki danna kamar kullum," ya ce.

Na ja mataki zuwa cinyata, na danna masa har waƙa ta uku ta ƙare. Ba a sami kuskure ko ɗaya ba, kuma wannan ne ya fi tsorata ni. Idan aka tashi a haka, an ba ni amsa ke nan ba tare da kowa ya buɗe baki ba.

Aka kira sallar la'asar. Nan take aka kashe janareta, don ba a barinsa yana ruri ana salla. Mai kalangu ya taimaka wa Yaya ya hau kekensa na hannu, maza suka nufi masallaci. Mata suka yi layi a kan butoci 'yan ƙalilan. Na ga kafin layi ya zo kaina akwai ɗan lokaci, amma ba wuta.

Mataki yana iya tashi da abin cajin waya. Akwai wata nas a kujerar baya da fawabank a hannunta. Na lallaɓa na tsaya kusa da ita.

"Anti, don Allah ki ara min wanga."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ashe kina magana? Tun ɗazu nike ganin hijabi bayan lasihika, na zaci an rataye shi na." Ta miƙo mini. "Saura kaɗan ciki, kak ki shanye min."

Na jona, fuskar mataki ta kawo haske. Na shiga wurin saiti, na fara kashe umarnin nan na maɓallai biyu. Wannan mai sauƙi ne. Amma ko an kashe shi, takalmin zai ci gaba da taka biyu, akwati ya karɓi saƙo biyu, ya tsaya a kan wanda ya zo daga baya. Yaya ba zai san wace murya za ta fito ba.

Da farko na yi tunanin in sa duk maɓallan su riƙa cewa “matsa gaba”, ya taka ko'ina. Har na fara, sai na tsaya. Idan ya taka biyu zai tsallake murya ɗaya. Amma saƙon da ke cewa “je murya kaza”, ko sau biyu aka aika shi, wuri ɗaya yake kaiwa.

Sawun takalminsa yana nan a cikin yashi gaban kujera. Na auna da tafin hannuna, na ɗora a kan mataki. Yana rufe biyu, ba ya kai uku. Sai na sa maɓallai biyu na hagu su aika saƙo iri ɗaya, biyu na dama su aika wani, na tsakiya kuma na kashe shi ɗungurungum ya zama katanga. Ko ina ƙafar ta faɗa a hagu, murya ɗaya ce. Ko ina a dama, ɗayar.

Hakan na nufin biyu kawai zan bari cikin biyar. Waƙoƙin da suka rage na rawa ne, dole sai mai laushi da mai kaifi. Yatsana ya tsaya a kan lambar gurmi, na tuna watannin da na yi kafin ta fito, sannan na goge ta daga maɓallin.

Ba yadda zan gwada, don akwati sai da janareta. Na duba tashar da mataki ke aika saƙo, na tabbatar ita ce wadda akwati ya saba karɓa. Akwai kuma wani tarko da ya taɓa kama ni: mataki yana fara ƙirga daga sifili, akwati daga ɗaya, dole a rage ɗaya daga kowace lamba. Na rage, na duba, na sake dubawa har lambobin suka fara yi mini gizo. Na ajiye saitin, na mayar wa Anti kayanta da ɗigon haske ɗaya, na bi layin buta.

Da na idar da salla maza sun dawo. Na ajiye mataki a gaban Yaya, na tura shi daidai sawun takalminsa.

"Hagu laushi, dama kaihi. Ka taka ko'ina, ba shi ɗaukewa."

"Ina gurmina?"

"Babu."

"Algaita hwa?"

"Babu, Yaya. Biyu na kawai."

Mai kalangu ya fashe da dariya. "Injiniya ta yi ma aski tal, ko gashin baki ba ta bari ba!"

Yaya bai yi dariya ba. "Wa yas sa ki? Kin gwada?"

"Ban gwada ba."

"To zauna nan kusa."

Aka ja igiyar janareta. Ban zauna ba. Na miƙe, na ratsa filin nan da ke tsakanin makaɗa da jama'a, wanda ban taɓa ratsawa ba, na je na zauna cikin mata kusa da Anti. Daga can ko hannuna ya kai tsawon gora ba zai taɓa mataki ba. Yaya ya bi ni da ido. Ban san ko fushi ne ko tsoro ba, ni dai na sunkuyar da kai.

Mai gabatarwa ya kira su. Kalangu ya fara. Yaya ya ja ƙafarsa hagu, ya kaɗa, murya mai laushi ta fito. Rabin aikin ke nan. Idan na yi kuskuren lamba a dama, ba wanda zai gyara. Ina bin waƙar a zuciyata baiti bayan baiti, babban yatsana yana danna gwiwata da kansa a duk inda na saba dannawa. Wurin rawa ya zo. Na ga gwiwarsa ta motsa ƙarƙashin riga, amma ƙafar ta makara, kalangu ya riga shi shiga. Har na yunƙura, Anti ta riƙe mini hijabi. Sai takalmin ya faɗa dama, jita ta yi ƙara mai kaifi, wata tsohuwa a bayanmu ta rangaɗa guɗa.

Ya sake makara a waƙa ta ƙarshe, ya kuma taɓa faɗawa kan na tsakiya, ba abin da ya canza, ya gyara. Sauti bai ƙara ɗaukewa ba. Unguwarzomar ta fito ta ɗan taka, abokan aikinta suka rufe ta.

A bayan a-kori-kura muka koma Bodinga, rana ta yi sanyi, motocin albasa suna wuce mu. Mai kalangu yana gyangyaɗi. Yaya ya rungume jitarsa yana kallon gonaki har muka yi nisa.

"Hajiya unguwarzoma ta so in yi mata wadda ka da gurmi," ya ce can. "Na ce mata ya lalace."

"Bai lalace ba. Yana cikin akwati. Zan shirya maka su biyu-biyu, kowace waƙa da nata. In waƙa ta ƙare ka juya da hannu."

"Yaushe?"

"Kahin in tahi." Na gyara riƙon akwatin. "In za ni."

Motar ta faɗa rami, na riƙe akwatin da hannu biyu. Na ji idan na bari muka shiga gari, zai sake ce mini in miƙo tsumma.

"Yaya, in tahi?"

Ya daɗe yana kallon takalminsa, ya ɗan ja shi hagu, ya ja shi dama a kan ƙarfen motar.

"Ki maido min gurmina cikin satin ga," ya ce, "ki kuma nuna min inda aka shiga a gyara, sannu a hankali, ba irin bayaninki na littahi ba. Sannan ki tahi. In kin zo hutu ki zauna cikin mata, na ga can kin hi kyau."