Dariyar Malam Ilu a Fostar Zaɓe

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da na tsaya a tashar Ɗambatta ina kallon aikin hannuna a jikin bango, kamar in haɗiyi zuciya in mutu ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, da kwamfuta kuka tarar da shi. Ni da fensir da buroshi na fara, a matsayin mai zane na sashen noma a ƙaramar hukumarmu, kuma har na kai matakin albashi na tara ni kaɗai ne a wannan kujera. Tsarin aikin ba shi da wuya. Malaman gona su kawo saƙon da suke so ya isa ƙauye, ni kuma in mayar da shi hotuna saboda manomin da bai yi boko ba. Shugaban sashe ya duba ya sa hannu, a kai Kano a buga. Asalin zanen kuwa a ofishinsa ake kulle shi, don ƙa'ida ta ce kayan hukuma ne.

Ni ba na zana mutum da ka. Manomi ba ya yafe kuskure: idan ya ga riƙon fartanyar ba daidai ba ne, ya gama da takardarka, sai dai ka gan ta a hannun mai ƙosai. Saboda haka gona nake zuwa, in samu manomi na gaske, in zauna a gindin bishiya in zana shi yana aikinsa.

A daminar da nake ba ku labari, ƙuduji ne ya addabi mutane, ciyawar nan mai jan fure da ke shanye dawa tun daga saiwa. Aka ce in yi zanen da zai koya wa manoma tuge shi kafin ya zubar da iri. Sai na nufi wurin Malam Ilu, wani dattijo da ke shugabantar ƙungiyar manoman ƙauyensu, can gefen hanyar Kunci. Dogo ne, mai wushirya, ba ya rabuwa da wata tsohuwar malafa. Kowa a yankin ya san shi, domin shi ne yake jan manoma zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma duk shekarar da aka karkatar da takin da aka ce nasu ne. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya, amma ba ya tashi daga ƙofar ofis sai an saurare shi. Ba shi da jam'iyya, kuma wannan shi ne duk ƙarfinsa.

Da farko ƙi ya yi.

“Malam Habu, ni fa ban saba da hoto ba. Ka san ma malamai sun yi magana a kan zanen mai rai.”

Na ce, “Baba, ilimi ne za a yaɗa. In suka ga kai ne, za su yarda.”

Ya ce, “To ina za a kai fuskar tawa?”

“Hannun manoma kawai, Baba.”

“Shi ke nan, amana ce.”

Na yi ta zuwa har kaka. Zane na ƙarshe shi ne yana tsaye kusa da damman dawarsa. Na roƙe shi ya ɗan yi fara'a, ya ce wace fara'a mutum zai yi a shekarar da ko mudun taki bai gani ba? Muna cikin haka wata akuya ta lallaɓo ta fizge takarda a cinyata, na tashi na bi ta da gudu, hula ta faɗi. Malam Ilu ya yi dariya har da riƙe ciki. Wannan dariyar na kama na sa a takarda, kuma ban taɓa yin zanen da ya kai shi kyau ba.

Da rani aka shiga kamfen. Ranar nan na sauka daga mota a tasha, sai ga Malam Ilu a bango, ga shi a jikin turken lantarki, ga shi a bayan motocin Kano. Dariyarsa ce, malafarsa ce. Amma an goge damman dawar, an liƙa buhunan taki a gefensa. A samansa ga hoton wani ɗan takarar majalisar tarayya, a ƙasa kuma an rubuta da manyan baƙaƙe wai taki ya iso, manoma sun gode. Sunana da nake sawa a kusurwa an yanke shi, wannan kam bai dame ni ba. Ko sayayyar da ta kawo ni ban yi ba, na ɓare fosta ɗaya na juya sai ofis.

Na tarar da shugaban sashenmu, Alhaji Sabo, tare da wani matashi mai kula wa ɗan takarar da harkar yaɗa labarai. Na ajiye fostar a kan tebur.

“Yallaɓai, wa ya fitar da zanen nan?”

Alhaji Sabo ko kallonta bai yi ba. “Daga sama aka nema. Kai ka san zanen na hukuma ne.”

“Zanen na hukuma ne, fuskar fa? Ita ma ta hukuma ce?”

Matashin ya yi murmushi yana latsa waya. “Haba Baba, ai kamata ya yi ka yi murna. Dizain ɗin nan ya tafi sosai, har Abuja an yaba. Sun ce ba su taɓa ganin talaka mai farin ciki irin wannan ba.”

Na ce, “Akuya yake wa dariya, ba maigidanka ba.”

Alhaji Sabo ya ɗago. “Malam Habu, ka iya bakinka. Saura ƙiris ka yi ritaya.”

Na roƙi a ba ni asalin zanen in kai ƙauye in nuna, aka hana. Na rubuta koke ta hanyar da ƙa'ida ta tanada, har yau ban ji amsa ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba mugunta ce ta sa su ba. Da mugunta ce da sauƙi. Ko kaɗan bai faɗo musu a rai cewa mutumin da ke jikin takardar yana da gida da maƙwabta da masallacin da yake salla ba. Haka siyasar ƙasar nan take kallon manomi tun daga ƙaramar hukuma har can sama: ana son dariyarsa a bango, ba a son muryarsa a bakin ƙofa. Mu masu zane kuma hannunmu suke so, idonmu bai dame su ba.

Washegari na hau babur na tafi ƙauyen. Tun daga bakin gari na ga fostar, har a bangon zauren Malam Ilu an liƙa. Na same shi zaune a ciki shi kaɗai, mutumin da zaurensa ba ya rabuwa da jama'a. Ya ba ni tabarma, ya sa aka kawo ruwa, bai ce min komai a kan alkawari ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Bayan la'asar na tsaya a ƙofar masallaci na yi wa mutane bayani tiryan-tiryan, har da labarin akuyar. Na rantse musu cewa Malam Ilu bai sani ba, bai karɓi komai ba. Wani magidanci ya bari na gama, sannan ya ce, “Malam, ba mu ƙaryata ka ba. Amma kai wa yake biyanka albashi?”

Wani daga baya ya ce, “Mu dai mun ga buhu, mun ga dariya.”

Wasu sun yarda da ni, na gani a fuskarsu. Sai dai shugabanci irin na Malam Ilu ba ya tsayawa da yardar wasu. In ya ce a tashi a tafi sakatariya, dole kowa ya tabbata ba a saye shi ba, kuma wannan tabbacin ne aka yage.

Da muka koma zaure na kai hannu zan ɓare fostar da ke bangonsa, ya riƙe ni.

“Bar ta, Malam Habu. In ka cire, yaran ɗan takara za su ce na koma adawa, su huce a kan 'ya'yana. In na bari, 'yan uwana su ce na ci amana. Bar ta, damina za ta wanke bangon.” Ya saki hannuna. “Ni ne dai ban san wane ruwa zai wanke ni ba.”

Kafin shuka ya ajiye shugabancin ƙungiya da kansa. Ba a samu wanda kowa ya yarda da shi ba, ƙungiyar ta watse. Taki ya zo a shekarar, aka raba shi inda aka saba rabawa, kuma ko mutum ɗaya bai je ƙofar sakatariya ba. Ɗan takarar ya ci zaɓe. Malam Ilu yana nan da ransa, amma ya daina zuwa kasuwa, don ya gaji da yara masu nuna shi suna cewa ga Baba mai taki.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a sana'ar nan ba fenti ne abu mai tsada ba, fuskar mutane ce. Ku da kuke ɗaukar hoto da waya ku tura cikin ƙiftawar ido, ku sani duk wanda ya tsaya muku aron mutuncinsa ya ba ku, kuma in ya shiga ofis ba ku da ikon dawo masa da shi. Mutanen karkara suna yarda da abin da idonsu ya gani fiye da rantsuwar ma'aikaci, kuma ban ga laifinsu ba. 'Yan siyasa ma sun san haka, shi ya sa suke neman mu.

Daga wannan shekarar har na yi ritaya ban ƙara zana fuskar manomi ba. Na ci gaba da zuwa gona, riƙon fartanya daidai, ɗaurin dami daidai, amma kowa ta ƙeya nake zana shi. Wata rana Alhaji Sabo yana duba aikina kafin ya sa hannu, ya ce, “Wai Malam Habu, me ya sa manoman nan naka duk suka juya mana baya?”

Na ce, “Yallaɓai, ƙauyen ba nisa. Ka je ka tambaye su.”